Ribab da Dile a Waƙoƙin Sujada: Jagora Ga Mai Riƙe da Miksa a Coci

A yawancin majami'unmu, daga manyan coci-cocin Jos da Kaduna har zuwa ƙananan ikilisiyoyin karkara, wanda ake damƙa wa miksa matashi ne mai himmar aikin Ubangiji, amma ba wanda ya zaunar da shi ya koya masa. Ya ga maɓallin da kowa ke kira eko, ya murɗa, ya ji muryar mawaƙiya ta yi faɗi ta yi zaƙi, shi ke nan sai ya bar shi a nan har a tashi sujada. Abin da ke biyo baya kowa ya san shi. Iyayenmu da ke kujerun baya ba sa gane kalmomin waƙa, jama'a su yi shiru su zuba wa 'yan kwaya ido, fasto ya ce a sunkuyar da kai a yi addu'a, lasifika ta maimaita masa har sau uku. Na daɗe ina wannan aiki ina kuma koya wa na baya, kurakuran dai su ne, ba sa canjawa daga wannan coci zuwa wancan. Shi ya sa na ga ya dace in rubuta hanyar aikin daki-daki.

Bari in faɗi matsayina tun da wuri: a coci kalma ce gaba. Jama'a ba kallo suka zo ba, waƙa suka zo yi tare, kuma ba mai bin waƙar da bai ji kalmominta ba.

Abu biyu ne, ba ɗaya ba

Abin da muke haɗawa mu kira eko ya kasu biyu. Dile maimaici ne: sauti ya fita, bayan ɗan lokacin da ka ƙayyade ya dawo a rarrabe, har kana iya ƙirga shi. Shi ne amsa-kuwwar da mutum ke ji in ya ƙwala kira a gaban dutse. Ribab kuwa dubban maimaici ne da suka cakuɗe har kunne ba ya iya raba su, sai dai ya ji wata jela tana bin sauti tana dusashewa. Shi ake ji a sabon ɗakin da aka yi wa filasta ba a zuba kaya ba tukuna. Ana auna tsawon ribab da lokacin da sauti ke ɗauka ya ragu da desibel 60, ana auna dile da milisakan, wato kashi ɗaya cikin dubu na sakan.

Kayan da kake bukata

- Miksa mai ifek (irin su ribab da dile) a cikinta. Ko ƙaramar Yamaha MG mai lambobin ifek 24 ce, ko babba irin Behringer X32 mai gurabe takwas, ƙa'idar ɗaya ce.
- Hedfon mai rufe kunne sosai.
- Waya mai kalkuleta, da tef ɗin awo irin na magina.
- Jerin waƙoƙin ranar daga hannun shugaban mawaƙa, tun kafin Lahadi.
- Na'urar riƙe wuta, in miksarka dijital ce.
- Mutum ɗaya mai faɗin gaskiya da zai zauna a kujerun baya. In son samu ne dattijo, domin kunnen da ya manyanta shi ne ya fi wahala da yawan ribab.

Mataki na 1: Saurari ginin kafin ka kunna komai

Shiga coci lokacin da babu kowa, kashe fankoki, tsaya a tsakiya, ka tafa hannu sau ɗaya da ƙarfi, sannan ka yi shiru. Abin da ka ji ya biyo bayan tafin shi ne ribab ɗin ginin kansa, kuma babu maɓallin da zai rage shi. Gine-ginenmu bangon siminti ne, tayil a ƙasa, kwano a sama, gilashi a tagogi, babu ɗaya a cikinsu da ke shanye sauti. Idan jelar tafin ta kai sakan 2, ginin ya riga ya ba ka duk abin da waƙa ke bukata har da ƙari, abin da za ka ɗora a kai kaɗan ne ƙwarai, wani lokaci ma babu. Idan kuwa cocin na da labule da kafet da kujeru masu katifa, ko a fili ake taron kamar lokacin babban taron shekara, to a nan ne ifek ke da aikin yi.

Wannan ilimi ba sabo ba ne. A shekarar 1895 Jami'ar Harvard ta Amurka ta ɗora wa wani matashin malamin kimiyya, Wallace Sabine, aikin gyara wani ɗakin lacca inda kalma ɗaya kan yi sama da sakan 5 tana yawo, ɗalibai ba sa gane abin da malami ke faɗi. Shi da mataimakansa suka riƙa kwaso katifun kujeru daga wani zaure na kusa cikin dare, suna shimfiɗawa suna aunawa, har ya gano cewa yawan abu mai laushi a ɗaki shi ke gajarta jelar sauti. Jikin mutum da tufafinsa ma haka suke yi. Don haka abin da ka saita ranar Asabar a wurin firatis, coci wayam, ba shi za ka ji ranar Lahadi ba, balle ranar Kirsimeti ko ta godiyar kaka da ake cika har waje. Ka saita da Asabar, ka sake saurare da Lahadi.

Ka kuma auna nisan bangon baya. Sauti na tafiyar kusan mita 340 a sakan ɗaya. In bangon yana mita 17 daga lasifika, zuwa da dawowa mita 34 ke nan, wato milisakan 100, kuma kunne zai ji shi a matsayin maimaici daban. Mawaƙan da ke gaba suna fama da wannan dile na dole tun kafin ka ƙara naka. Maganinsa labule mai kauri a bangon, ko a sunkuyar da lasifika ta dubi jama'a maimakon bango.

Mataki na 2: Gyara sautin a bushe

Kashe duk ifek. Daidaita gen ɗin kowane makirfo, yanke ƙugin ƙasa daga muryoyi, ka tabbatar ana jin mai ja waƙa sarai a kan kiɗa. Mawaƙi ya kusantar da makirfo bakinsa, kada ya dunƙule kan makirfon da hannu. In sautin bai yi daɗi a bushe ba, ribab ba zai gyara shi ba. Muryar da ta kauce wa maɓalli, ribab tsawaita kaucewar zai yi kowa ya ji ta da kyau.

Mataki na 3: Haɗa hanyar aikawa da dawowa

Kada ka cusa ribab kai tsaye cikin layin makirfo ɗaya. Hanyar da ta dace ita ce kowane layi ya ɗiba kaɗan daga sautinsa ya aika wa injin ifek, injin kuma ya dawo da nasa ta wani feda daban. A kan X32, yadda take zuwa daga kamfani, bas na 13 zuwa 16 su ke ciyar da ifek huɗu na farko. A ƙananan miksoci maɓalli ɗaya ne a kowane layi, da feda ɗaya na dawowa.

Abu biyu ake yawan kuskurewa a nan. Na farko, aikawar ta kasance bayan feda, ba kafin feda ba. In kafin feda ce, za ka sauke muryar mawaƙiya amma ribab ɗinta ya ci gaba da fita, jama'a su riƙa jin tarinta da hirarta daga nesa. Na biyu, a cikin injin ifek ka kai ma'aunin jiƙa zuwa 100, domin busasshen sautin ya riga ya bi tasa hanyar. In ya sake biyowa ta injin, su biyun za su haɗu da ɗan bambancin lokaci, murya ta yi siriri ta rasa jiki.

Mataki na 4: Zaɓi irin ribab, ka saita tsawonsa

Iri uku za ka fi cin karo da su: hol, rum da filet. Hol yana kwaikwayon babban zaure, rum ƙaramin ɗaki. Filet kuwa asalinsa wani injin Jamus ne mai suna EMT 140 da ya fito a 1957, faffaɗan farantin ƙarfe ne da ake girgizawa da sauti a ɗauko amonsa. A kan murya ni filet nake fifitawa, domin yana ƙara wa murya kauri da sheƙi ba tare da ya zo da wani zauren na biyu ba. Mutane na zaune a cikin zaure tun farko, in ka ɗora musu hol mai tsawo, zaure biyu ke nan suna kokawa a kunnensu.

Tsawon jela ya bi saurin waƙa. A waƙar yabo mai sauri, fara daga sakan 1.2 zuwa 1.6. A waƙar sujada mai sanyi kana iya kai shi sakan 2 zuwa 2.5, in ginin ya yarda. Abin lura shi ne jelar wannan jimla ta mutu kafin ta gaba ta shigo. Sakan 4 da 5 ɗin da kake ji a bidiyon manyan coci-cocin ƙasashen waje, ko dai an gyara sautin ne a situdiyo bayan taro, ko kuma zauren nasu an lulluɓe shi da kayan shanye sauti. Kada ka kwafo lambobinsu ka zuba a ƙarƙashin rufin kwano.

Akwai maɓallin da sababbin hannu ba sa taɓawa, alhali ya fi sauran amfani: firi-dile. Shi ne ɗan tsaikon da ke tsakanin fitar murya da farawar ribab. In sifiri ne, ribab zai hau kan kalma tun daga bakinta ya rufe ta. In ka ba shi milisakan 40 zuwa 80, kalmar za ta fito tsaf ta isa kunne, sannan jelar ta biyo. Ga masu waƙa da Hausa wannan ba ƙaramin abu ba ne. Baƙaƙe irin ƙ, ts, ɓ da ɗ a farkon gaɓa suke, gajeru ne ƙwarai, kuma tsawon wasali kaɗai yana iya sauya ma'anar kalma. Ribab mara tsaiko waɗannan yake fara cinyewa.

Mataki na 5: Tace abin da ke dawowa, sannan ka auna yawansa

Ribab ɗin da ba a tace ba shi ke kawo gunjin da ke cika coci. A kan fedan dawowa, ko kan hanyar aikawa, yanke duk abin da ke ƙasa da 250 Hz, ka kuma rage abin da ke sama da 7,000 ko 8,000 Hz don kada harafin s da sh su riƙa fesowa. Akwai sanannen salon da ake dangantawa da situdiyon Abbey Road na Landan, inda ake yanke ƙasa da 600 Hz da sama da 10,000 Hz kafin sauti ya shiga ribab. A ginin siminti da tayil, kai yankan har 500 ko 600 ba zai cuce ka ba.

Wajen yawa kuwa, ɗaga fedan a hankali yayin da ake waƙa har sai ka ji ribab ɗin a fili, sannan ka mayar da shi baya kaɗan, misalin desibel 3. Kashe shi, kunna shi. In ka kashe ka ji murya ta bushe, ka kunna kuma ba ka ji wani abu ya yi tsalle ya fito ba, ka samu daidai. Kada ka yanke wannan hukunci da hedfon, don hedfon ba ya jin ginin. Tashi ka zaga, ka tambayi dattijonka na baya ko yana gane kalmomin.

Mataki na 6: Ba kowa ne zai samu ba

Mai ja waƙa ya samu. 'Yan amshi su samu, har su ɗan fi shi, don hakan na tura su baya kaɗan ya bar shi a gaba. Siniya, wato ƙaramar gangar jaz, tana iya samun gajeren rum ko filet na kusan sakan 1. Gangar ƙafa da gitar bes kada su samu ko ɗigo. Haka tulun Zumuntar Mata: ƙuginsa na ƙasa ne, in ya shiga ribab sai ya narke ya cinye waƙar gaba ɗaya. Caki da kuge su ma a bar su a bushe, suna ratsa coci da kansu.

Makirfon kwaya yana nesa da bakuna, don haka ya riga ya kwashi amon ginin tare da muryoyin. Ƙara masa ribab neman kukan lasifika ne. Mai kibod da mai gita kuma galibi sun zo da nasu ifek ɗin a cikin kayansu. Ka saurari layinsu a hedfon. In ya yi yawa, je ka yi magana da su cikin ladabi a wurin firatis, don daga miksa ba ka da ikon cire abin da ya riga ya shigo a jiƙe.

Makirfon fasto, na mai sanarwa, na mai karatun Littafi Mai Tsarki, da na mai fassara: a rufe aikawarsu gaba ɗaya.

Mataki na 7: Dile ya bi bugun waƙa

Dile ya fi ribab haɗari, don ana jin kuskurensa a fili. Dole lokacinsa ya yi daidai da bugun waƙa. Lissafin mai sauƙi ne: raba 60,000 da yawan bugu a minti ɗaya. Waƙa mai bugu 72 tana ba da milisakan 833, rabinsa 417. Mai bugu 120 tana ba da 500, rabinsa 250. Masu gita suna son kashi uku cikin huɗu na bugun, wato 625 a waƙa mai bugu 72. Yawancin miksocin dijital suna da maɓallin tap, ka buga shi da yatsa sau huɗu tare da mai ganga, injin ya yi lissafin da kansa. A waƙoƙinmu masu bugun shida-shida, bi inda ƙafar jama'a ke sauka, kada ka bi ƙananan bugun caki.

Sai dai makaɗanmu ba sa bin agogon kunne, wato na'urar da ke ba makaɗi bugu a kunne. Jerin waƙoƙin yabo kan fara a hankali, kafin a kai ta uku an ƙara wuta. Abin da ka buga a farko ya tashi aiki, sai ka sake bugawa a kowace waƙa, wani lokaci a tsakiyarta.

Yawan maimaici kada ya wuce biyu ko uku, wato ma'aunin fidbak na injin ya tsaya wajen kashi 15 zuwa 25 cikin 100. In ya kusanci 100, maimaicin ba zai mutu ba, zai riƙa ƙaruwa har ya iya ƙona ƙananan lasifikoki ya kuma cutar da kunnuwan mutane. Ka tace dile fiye da yadda ka tace ribab, ya dusashe ya koma bayan murya.

Ga abin da na fi so ka riƙe a wannan mataki. Aikin dile cike gurbi ne, wurin da mawaƙi ya ja kalmar ƙarshe ya yi shiru. Waƙoƙinmu da yawa kuwa ja da amshi ne: mai ja ya faɗa, jama'a su karɓa nan take. Gurbin da dile zai cike, amshi ya riga ya cike shi. In ka bar dile a buɗe, muryar mai ja za ta faɗo a kan amshin jama'a, su rikice su rasa inda za su shiga. A irin waɗannan waƙoƙi, da waƙoƙin littafi masu baiti cike da kalmomi, rufe shi ɗungurungum. Ajiye shi don waƙa mai sanyi mai dogon numfashi, a nan ma kada ka bar shi a buɗe. Ɗaga aikawar a kan kalmar ƙarshe ta jimla, ka sauke kafin sabuwar jimla ta fara. Wannan ba ya yiwuwa sai ka san waƙar, shi ya sa mai miksa yake zuwa firatis kamar kowane ɗan kwaya.

Mataki na 8: Yatsa a kan maɓallin kashewa

Mai ja waƙa yakan tsaya a tsakiyar waƙa ya yi addu'a ko ya yi wa jama'a gargaɗi. Fasto yakan miƙa hannu ya karɓi makirfon mawaƙiya ba tare da sanarwa ba. Da zarar waƙa ta koma magana, ifek ya tafi. Haɗa ribab da dile na murya a rukuni ɗaya da za ka kashe da maɓalli ɗaya, ka lika masa takarda mai suna. In miksarka ta ba da dama, kashe aikawa maimakon dawowa: ta haka jelar ƙarshe za ta mutu da kanta, ba za a datse ta kwatsam ba. Idonka ya kasance a gaba, ba a kan waya ba. Za ka ga mawaƙi ya sauke kafaɗa ya ja numfashin magana kafin ya furta kalmar farko.

Mataki na 9: Monita da masu kallo ta intanet

Mawaƙa za su roƙe ka eko a monita, don yana sa su ji muryarsu ta yi daɗi. Monitar ƙasa tana fuskantar makirfo, ribab a cikinta na rage iyakar ƙarar da za ka iya bayarwa kafin lasifika ta yi kuka, yana kuma ɓoye wa mawaƙi kaucewar muryarsa. Ka bayyana musu haka, kada ka yi kamar ka ƙara alhali ba ka ƙara ba. Masu sa monitar cikin kunne su ne suke bukatar ɗan ribab, tunda an toshe musu jin ginin.

Masu kallo ta Facebook ko YouTube su ma ba sa cikin ginin. Haɗin da ya yi daidai a coci, a wayarsu bushewa zai yi. Ware musu bas daban, ka ƙara musu ribab a can, ka kuma kafa makirfo ɗaya ko biyu suna fuskantar jama'a don a ji waƙar ikilisiya. Waɗannan makirfon kada su shiga manyan lasifikokin coci.

Akwai kuma wani dile da ba na ado ba. In cocinku dogo ne, an rataye ƙarin lasifikoki a tsakiya ko a baranda, sautinsu yana riga na gaba isa kunnen mutanen baya, su ji kowace kalma sau biyu. Wannan ba laifin ifek ba ne, kuma ko ka kashe komai ba zai tafi ba. Auna nisan da tef, ka jinkirta lasifikokin bayan da kusan milisakan 3 a kan kowace mita. Mita 15 milisakan 44 ke nan. Wasu kan ƙara 10 a kai don kunne ya ci gaba da jin sautin daga gaba yake zuwa. Ana saita shi a mafitar miksa ko a na'urar sarrafa lasifika, sau ɗaya, babu maimaici.

Mataki na 10: Adana aikinka

In ka samu saitin da ya zauna, adana shi a miksa da suna bayyananne, ka kuma kwafe shi a filash. In analog ce, rubuta lambobin a littafi ka ɗauki hoton maɓallan. Ɗaukewar wuta da komawa janareta a tsakiyar sujada ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Wasu ƙananan na'urorin ifek kan koma wani saiti daban in sun sake tashi, don haka ka duba su kafin ka ɗaga feda. Amfilifaya ita ce ƙarshen kunnawa, ita ce farkon kashewa.

Ɗan'uwa, Asabar mai zuwa ka riga 'yan kwaya isa coci. Tafa hannunka ka ji ginin, rufe dile, rage ribab ɗinka rabi, ka ba shi firi-dile na milisakan 60. Bayan sujada ranar Lahadi ka je wurin iyayen da ke kujerun baya, ka gaishe su, ka tambaye su ko yau sun ji kalmomin waƙa.